Kofin Gwangwanin Anti Griet

Anti Griet ta ce ita kaɗai ta isa ta ƙaryata gwamnati. Ta ce ta sha giya tun daga ranar da ta ɗauki cikin Elrico har ranar da ta haife shi, ga shi nan, duk gonakin inabin kwarinmu babu mai gyaran tarakta kamarsa. Takan faɗi haka a shagon giyarta, ƙarƙashin fostar da asibiti suka kafa mata, mai hoton mace da ciki da kwalba an ja musu jan layi. A ƙusar fostar take rataye makullanta.

Ni 'yar ƙanwarta ce, a gidanta na tashi, don haka na haddace jawabin.

Ba ta taɓa saka Mienkie a jawabin ba. Mienkie ƙanwar Elrico ce, ta haura shekara ashirin amma jikinta na yarinya ne, in ka aike ta abu biyu da wuya ta dawo da ɗaya. Anti Griet ta ce gadon dangin uba ne.

Ranar da Elrico ya kai Mienkie asibiti ya haɗu da Ronelda Jantjies, ɗaya daga cikin matan da gwamnati ta ɗauka suna bin gidajen gona suna roƙon masu ciki su ajiye kwalba. Ta same shi yana ta jero wa Mienkie umarni.

"Kai ne wanta?"

"Ni ne."

"To ka daina faɗa mata abu uku a tare. Ɗaya. In ta gama, sai wani ɗaya."

Ya tsaya yana kallonta, hula a hannu. "Ke ma haka ake yi miki?"

"Gwada mana."

"Ba ni lambarki."

"Ka ga, har ka koya."

Daga nan wayarsa ba ta ƙara hutawa ba. A wurina yake tambayar yadda ake rubuta kalmomi, shi ya sa na ga komai.

"Zumata, yau na gyara tarakta biyu, na ɓata ɗaya saboda tunaninki."

"Ka gyara ta ukun kafin a kore ka. Ba na auren marar aiki. Ka ci abinci?"

Matsalar ta fara ne ranar Lahadin da ya kawo ta gida bayan coci. A gidanmu akwai wani kofin gwangwani, duk ya lotse. Na kakanmu ne, tun zamanin da masu gona ke biyan ma'aikata wani ɓangaren ladansu da giya, safe da yamma. An hana wannan tuntuni, amma kofin yana kan kanta kusa da Baibul, kuma duk macen da za ta shigo gidan sai ta sha da shi.

Anti Griet ta cika shi ta miƙa.

"Na gode, Anti, ba na sha."

"Ba sha ba ne wannan, 'yata. Gaisuwa ce."

"In na sha ranar Lahadi, me zan faɗa wa matan nan ranar Litinin? Suna kallona, Anti."

Anti Griet ta dubi cikin Ronelda, ta dubi wata maƙwabciyarmu da ta shigo cin abinci, maƙwabciyar ta dubi rufi.

Abin da shirin gwamnati ya cim ma a garinmu, bayan shekaru na fosta da taro da riguna kyauta, shi ne wannan: in mace ta ce ba ta sha, kowa ya san ciki gare ta. Babu wani dalilin da aka san da shi. Kafin a wanke kwanuka labari ya kai bakin titi.

Oom Freek, mahaifin Ronelda, dattijon coci ne (a wurinmu Oom ake ce wa kowane dattijo). Ya zo ƙofarmu da kwat ɗinsa, ya ƙi shigowa.

"Griet, ki faɗa wa ɗanki kada in ƙara ganin ƙafarsa a layina. Dama na ce ɗan gidan giya ba ya kawo alheri."

"Ɗan gidan giyar ne ke gyara maka motarka kyauta, Freek."

"Zan koma tafiya da ƙafa."

Ya kuwa koma, garin ba shi da girma.

Sai Malam Valentyn ya shigo cikin maganar. Shi ne jami'in shirin da aka turo daga birni, da katinsa a wuya ko ranar hutu. Da Turanci yake yi wa tsofaffi magana, sai Ronelda ta fassara, su gyaɗa mata kai, shi ya yi murmushi. Ranar Asabar yakan je gonakin masu kuɗi ya juya giya a kofin gilashi yana shinshinawa. Ya ce wannan ba sha ba ne, nazari ne. Ya daɗe yana rage wa Ronelda hanya a motar ofis ba tare da ta roƙa ba. Da ya ji labari, sai ya kai mata kwandon da ake ba masu ciki, da sabulu da tawul da 'yar hular jariri, a gaban kowa a asibiti, ya ce a ɗauke su hoto.

Elrico ya ga hoton. Ya san tsakaninsa da ita ko hannu da kyar yake riƙewa. Wannan saƙon bai tambaye ni yadda ake rubuta shi ba.

"Ronelda, ki faɗa mini gaskiya. Na waye?"

Amsa ta zo nan take.

"Na uwarka ne, ita ta yi mini shi da baki. Kada ka sake rubuto mini."

Na ce masa, "Ka ga wannan kan da ake alfahari da shi a shago? Yau ya yi aiki."

"Rufe mini baki."

Aka gama tsinkar inabi, sanyi ya shigo. Ronelda tana yawonta gida gida cikin riga mai belt, belt ɗin yana nan a ramin da yake. Matan garin suna lissafi da ido. Wasu cikin masu cikin da take ziyarta sun daina buɗe mata ƙofa, suka ce ta fara gyara nata. Wata yarinya da Ronelda ta sha wahala kafin ta raba ta da kwalba ta koma sha. Wannan ne ya sa ta kuka, ba Elrico ba. Na gan ta a bayan asibiti.

Na faɗa wa Elrico.

Ranar Juma'a, shago ya cika, Anti Griet ta ajiye masa kwalbarsa kamar kullum. Ya ture ta.

"Ba na sha, Mama."

Wani tsoho ya ce, "Elrico, wata nawa?"

"Ban sani ba, Oom, ka tambayi matarka, ita ke riƙe lissafin garin."

Haka ya yi ta yi, mako bayan mako. Suna ce masa mai jego, suna tambayarsa ko yana jin kwaɗayin tsami. Bai rubuta wa Ronelda komai ba. Ita ta rubuto.

"An ce kai ma ka samu. Allah ya raba lafiya."

"Ba ni da hankali, Zumata. Abu ɗaya nake roƙo. Ki yafe mini."

"Na yafe. Sai na biyun."

"Ki aure ni."

"Ka je ka gyara motar babana."

Oom Freek ya sauko, don ya gaji da tafiya, kuma ido ya nuna masa 'yarsa ba ta yi ƙarya ba. Malam Valentyn ya aiko a dawo da kwandon, ya ce kayan gwamnati ne.

Anti Griet ce ba ta sauko ba. Ta ce a ɗaura aure, amma kofi yana nan, kuma a gaban jama'a.

An yi bikin a zauren coci. Mienkie ce ta riƙe furanni, Ronelda ta ba ta aikin nan guda ɗaya, ta kuwa yi shi babu kuskure. Fasto ya sa albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da 'ya'ya masu lafiya, muka ce amin. Aka kawo shinkafa da naman kori. Har Ouma Doortjie an ɗauko daga gidan tsofaffi, surukar Anti Griet, kakar Elrico, mai kunne ɗaya da ke aiki.

Anti Griet ta miƙe da kofin a cike. Ronelda ta ajiye cokali. Elrico ya riƙe hannunta a ƙarƙashin tebur.

"Wannan kofin bai taɓa cutar da kowa ba," in ji Anti Griet. "Ku dubi angon nan. Na sha tun daga ranar da na ɗauki cikinsa har..."

"Cikin wa?" in ji Ouma Doortjie, da ƙarfi, yadda masu kunne ɗaya ke yi.

"Na Elrico, Ouma."

"A'a, Griet. Cikin Elrico ko warin giya kika ji sai amai. A ɗakina kika zauna, ruwan citta kika sha har kika haihu. Ni na yi ta zubar da bokitin." Ta tauna namanta ta haɗiye. "Na yarinyar ne kika sha."

Mienkie tana gefe tana gyara wa amarya mayafi, tana murmushi, ba ta san da ita ake ba.

Anti Griet ta daɗe tana kallonta. Sai ta zauna a hankali, kofin a hannunta.

Ouma Doortjie ta ce, "Akwai ruwan citta a gidan nan kuwa? A ba amarya. Allah ya yi musu albarka."

Ni na tashi na ɗauraye kofin.