Dirkar Mai Walda

Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Uwar Auta tana madafi tana jiran tukunya ta tafasa. Surukarta na zaune ƙarƙashin sabuwar rumfa da carbi a hannu, Auta kuma tana kwance rub da ciki a kan tabarma tana aikin makaranta.

"Tun la'asar kike kan shafi ɗaya," in ji tsohuwar. "Karatu ake ko barci da ido buɗe?"

"Ke ma tun la'asar carbinki bai motsa ba, Kaka. Zikiri ake ko gyangyaɗi?"

"Ja'ira. Bari ubanki ya dawo."

Uwar ta yi murmushi, ta juya za ta ɗaga murfin tukunya, sai hannunta ya tsaya. Harshen wutar murhun gas, wanda kullum yake ɗan gajere shuɗi, ya miƙe ya yi tsawo, ya zagayo ta gefen tukunya, sannan ya kwanta a hankali yana nuna ƙofa. Taga a rufe take. Ko labule bai motsa ba. Ta kashe murhun, ta tsaya tana saurare.

A cikin wannan shirun ne ta ji ƙwanƙwasa. Ba daga ƙofar gida ba. Daga dirkar ƙarfen da ke riƙe da rumfa take fitowa, can ciki, a hankali, kamar wanda ba shi da sauran ƙarfi.

Mijinta mai walda ne a tashar wutar lantarki da ke bayan gari. Iskar gas ake jawowa daga nesa cikin manyan bututu, a ƙona ta a injuna, zafin ya juya farfela, farfela ta ba gari wuta. Shi aikinsa bututun ne: ya yanka, ya haɗa, ya liƙe. Da aka tsayar da injin guda don gyara, aka cire wani guntun bututu da ya tsufa, tsawonsa ya ɗara na mutum, aka ce wanda ke so ya ɗauka. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya ganin bakin bututu a buɗe, ko na shara ne. Ya ce bututu buɗe gidan tsatsa ne da kunama. Tun a tasha ya yanko faifan ƙarfe ya liƙe bakin nan biyu, da Bismillah a kan kowanne, kamar yadda yake yi a duk waldar da ya taɓa yi. Ya kawo shi gida, ya kafa shi da siminti, ya ɗora wa mahaifiyarsa rumfar shan iska.

Da ya dawo a yammacin nan, ta faɗa masa. Ya kaɗa ruwan sabulu a kofi, ya bi tiyon murhu yana shafa kumfa, yana jiran ya ga inda za ta kumbura. Ba ta kumbura ba.

"Ba inda yake yoyo," ya ce. "Dirka kuwa ƙarfe ce. Ta sha rana, tana hucewa, dole ta yi ƙara."

Ta yarda, don ita ma mace ce mai son a ba ta dalili.

Washegari da magariba aka fara jifa. Dutse ya faɗo a kan kwanon rumfa, wani ya biyo, sannan suka zubo kamar ƙanƙara. Maigidan ya fita waje da sanda, bai ga kowa ba, layin shiru. Uwar Auta ta sunkuya ta ɗauki dutse ɗaya, ta yar da shi da sauri. Zafi ne da shi kamar daga murhu aka ciro shi.

Haka gidan ya koma. Da safe lafiya lau, har mutum ya ji kunyar tsoron jiya. Da rana ta fara ja sai kowa ya rage magana. Tsohuwa ta kwashe tabarmarta ta koma ɗaki. Ƙwan lantarki ya riƙa dushewa yana dawowa, alhali na maƙwabta garau. Ƙwanƙwasar kuwa tana nan, kullum tana ƙara rauni, kuma raunin nata ya fi tsorata uwar Auta fiye da jifan.

Wata yamma uwar ta fito daga wanka ta tarar da Auta tsaye a jikin dirka, ta rungume ta da hannu biyu, ta manna kunne. Wani ƙugi ke fita daga ƙirjinta, mai kauri, ba ya yankewa, ba ta ko tsayawa jan numfashi.

"Auta. Ke Auta, me kike yi a nan?"

Yarinyar ta juyo. Idanun nata ne, amma ba ita ke kallo da su ba.

Uban ya shigo a daidai lokacin, ya tsaya cak, jakarsa ta faɗi. "Wannan ƙugin injinmu ne," ya ce da raɗa. "Ba ta taɓa zuwa tasha ba."

Sai da su biyu suka haɗa ƙarfi sannan suka ɓamɓare ta. Jikinta zafi rau. Suka kai ta asibiti, aka auna jini, aka auna zafi, na'ura ta ce lafiyarta ƙalau, alhali ma'aikaciyar da ta riƙe hannunta sai da ta saki tana yarfe yatsu. Suka dawo gida. Auta ta daina ci, ta daina magana. Idan aka kulle ta a ɗaki sai ta yi ta dukan ƙofa da goshi har a buɗe, ta koma jikin dirka. Fuskarta ta zabge, wuyanta ya yi siriri. Uwar tana ganin 'yarta tana ƙarewa a gabanta kamar kyandir.

Tsohuwar ce ta aika aka ɗauko Malam, wani dattijo mai sanyin murya da ke karantar da manya a masallacin unguwa. Ya zo bayan la'asar. Bai tambayi komai da yawa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da dirka, uwar ta zauna ta riƙe Auta ta baya, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwa ta tsallaka tsakar gida. Can sai jikin yarinyar ya sandare, kanta ya ɗago, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta babbar mace, a dushe kamar wadda ta gaji da kuka.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ubanta ya riƙe min nawa, na riƙe masa tasa."

Maigidan ya matso. "Ni? Wallahi ban san ki ba, baiwar Allah."

"Ina za ka san ni? Mu a ƙarƙashin ƙasa muke, inda iskar nan take kwance tun ba a halicci kakanninku ba. Kun huda, kuna zuƙa, tana tafiya da mu. Manya mun san inda muke zamewa kafin a kai wutar injinku. Ɗana ƙarami ne. Da iskar ta tsaya, ya ga wuri shiru da ɗumi, ya kwanta. Na je na dawo, na tarar ka rufe shi gaba da baya."

Malam ya dubi dirkar, ya dubi yarinyar. "Ku da kuke ratsa bango, ƙarfe ne zai tsare ku?"

"Ba ƙarfen ba ne. Tambaye shi abin da ya faɗa da yana rufewa."

Ba wanda ya tambaya. Maigidan ya zauna a ƙasa, ya dafe kai.

"Ba da nufi ya yi ba," in ji Malam. "Za a buɗe miki. Ki fita daga jikinta."

"Ya fara zuwa ya kashe injunan nan duka. Su daina zuƙar mana gida."

"Wannan ba a hannunsa yake ba, kin sani. Kuma akwai jarirai a asibiti da ke numfashi da wutar nan. Ke da kika ce uwa ce, za ki ɗauki alhakinsu?"

Haƙoran Auta suka yi ƙara.

"To zan zauna a jikinta gwargwadon zaman da nawa ya yi a cikin duhu."

Malam ya koma karatu, da ƙarfi wannan karon. Muryar ta kurma ihu, jikin yarinyar ya lanƙwashe baya har uwar ta ji ƙashin bayanta yana ƙara a ƙirjinta.

"Malam, don Allah!" in ji uwar. "Jikin 'yata ne!"

Ya tsaya. Ya ce wa muryar, "Kin ji. Zan iya ci gaba, ke ki ƙone, ita ta wahala, naki ya mutu a ciki. Ko kuwa a buɗe yanzu, ki rantse da Wanda ya halicce ki za ki tafi ba dawowa."

Numfashi ya yi ta fita da ƙyar. Sannan muryar ta ce, "Na rantse. Amma ban ji motsinsa ba tun jiya. In na same shi a mace, da wannan zan tafi."

Sai a lokacin uwar Auta ta lura. Tun jiya ba a ƙwanƙwasa ba.

Maigidan ya ruga ya ɗauko injin yankan ƙarfe, ya kai hannu zai jona, sai ya tsaya da kansa. Bututun da ya taɓa ɗaukar gas, aka kuma rufe shi ruf, ba a kusantarsa da tartsatsi. Ya ajiye, ya ɗauko zarton hannu. Ya ce wa mahaifiyarsa ta riƙa zuba ruwa a inda yake yanka, kada ta bari ya bushe.

Ƙarfen mai kauri ne. Zarto na tafiya yana dawowa, ruwa na gangarowa baƙi, tsohuwa na salati. Aka kira magariba a nesa. Tafin hannunsa ya fashe, jini ya haɗu da ruwan, bai tsaya ba. Auta ta yi tsit a hannun uwarta, idanu ƙur a kan zarton. Da duhu ya fara rufe fuskoki, sai zarton ya faɗa ciki. Ya ƙara ja har tsagar ta yi faɗi, ya janye, ya koma baya.

Ba abin da ya fito.

Muryar ta yi wani kira da ba harshen mutane ba, mai kaifi, har kwanon rumfa ya amsa. Shiru. Ta sake kira, da tsawa. Shiru. Jikin Auta ya fara sanyi daga yatsu, sanyin yana hawa, uwar tana jin sa yana wuce gwiwar hannu.

"Kun kashe shi," in ji muryar, a hankali ƙwarai.

Malam ya buɗe baki zai fara karatu. Uwar Auta ta riga shi. Ba ta san lokacin da ta kai bakinta kunnen 'yarta ba, tana magana da abin da ke ciki kamar maƙwabciya.

"Tsaya, 'yar'uwa. Yaron da ya tsorata ba ya fitowa wurin tsawa. Ya sha duhu, ya ji ana ta gurzar ƙarfe a kansa, yanzu kuma kina masa ihu. Kira shi yadda kike kiransa in za ki ba shi abinci." Ta ɗago ta dubi mijinta. "Baban Auta, kashe wutar gidan nan duka. Ku juya baya, kowa. Malam, har da kai, ka yi haƙuri."

Mijin ya je ya sauke makunnin gidan. Firji ya yi shiru, fanka ta tsaya. Suka juya wa dirka baya, ita kaɗai ta rufe ido, tana rungume da jikin da ya kusa zama ƙanƙara.

Sai bakin Auta ya fara wani sauti ƙasa-ƙasa, mai taushi, ana maimaita shi. Uwar ba ta san kalma ɗaya a ciki ba, amma ta san irinsa. An daɗe ana yi. Can ta ji ɗan motsi a cikin ƙarfen, kamar farce ya goga. Wani ɗumi ya taso, ƙanƙani, ya ratsa ta kan ƙafafunta kamar kyanwa ta wuce, ya hau cinyar Auta ya tsaya. Hannuwan yarinyar suka naɗe a kan abin da ba a gani. Muryar ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Ya rame," ta ce. Sannan ta ƙara, "Taki ma ta rame. Ki ba ta abu mai ruwa tukuna."

Iska ta kaɗa sau ɗaya, kwanon rumfa ya girgiza, hannuwan Auta suka zube a gefenta.

Ba wanda ya motsa. Uwar ta kasa buɗe ido. Tana lissafin numfashin da take ji a jikin hannunta, tana jiran na gaba, tana tsoron kada ya ƙi zuwa. Ya zo. Wani ya biyo. Ɗumi irin na mutane ya fara dawowa cikin yatsun.

"Mama," in ji Auta, da 'yar muryarta, a shaƙe. "Mama, kin matse ni."

Ta ji, amma ba ta sassauta ba.