Kukan Famfo a Hanyar Burra

Ku matso kusa. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mini da wasa. A rage murya kuma.

Haladu bakanike ne, garejinsa na bakin tashar Ningi. Allah ya ba shi kunne. Mota za ta wuce, ko ɗagowa bai yi ba zai gaya maka abin da ke damunta. A hannun Baba Ilu ya koya, wani tsoho marar son magana. In yaro zai yi kuskure, Baba Ilu ba ya cewa uffan, sai dai ya ƙwanƙwasa jikin mota sau biyu da sukundireba. Kowa ya san ma'anar: tsaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Baba Ilu ya tafi gyara a hanyar Burra. An tsinci babur ɗinsa a jingine da bishiya. Shi dai har yau.

Wata rana aka kira Haladu gyaran babbar mota a wani ƙauye na wannan hanya. Bai gama ba sai bayan isha'i. Ya tsaya wurin Ɗan'azumi mai shayi ya kurɓi mai zafi.

"Oga Haladu, ka kwana mana. Ga benci."

"Bencin naka mai kuɗin cizo? Iyali na jira."

Ɗan'azumi bai yi dariya ba. "To ka ji. In ka ji wani kuka a bayanka, siriri, kamar sauro ya shiga kunne, ka sauka daga titi. Kashe fitila. Kada ka waiwaya. Mu nan da mun jiyo shi muke kwashe yara."

"Kukan me?"

"Doguwar mota."

"Kukan mota ai shi nake ci, shi nake sha," in ji Haladu. Ya buga babur ya tafi.

Ya shiga daji. Ba wata, ba gida, ba ko haushin kare. A kan wata gangara ya fara ji. Siriri. Ba ya hawa, ba ya sauka.

Ya san wannan kuka. Famfon mai ne, na lantarki, irin wanda ake ɗaurawa kusa da tanki. Da wani ne, da tuni ya faɗa cikin ciyawa. Shi kuwa sai ya rage gudu yana saurare, yana tambayar kansa: datti ne ya toshe, ko iska yake ja? Kunnen da ke ciyar da shi, shi ya tsayar da shi a kan titi.

Motar ta wuce shi, ta gitta, ta tsaya.

Tsohuwar mota ce ta Amurka, irin ta zamanin kakanninmu. Ƙofa biyu. Bonet ɗinta ya fi gado tsawo, tayoyin baya sun fi na gaba faɗi. Irin wadda in aka tayar da ita ƙasa ke rawa. Amma injin shiru. Famfo kaɗai ke kuka. Haladu ya ce a ransa, gangara ce, ya kashe inji don tattalin mai, duk direbobi na yi.

Wani dogon mutum ya fito cikin farin kaftani. Haladu ya yi sallama. Ba a amsa ba.

"Bakanike."

Haladu kuwa bai gaya masa sana'arsa ba.

"Kana jin wannan? Ya ishe ni. Ka sa ya yi shiru, ka wuce gida."

"Alhaji, dare ya yi. Gobe a kawo ta gareji."

"Ka sa ya yi shiru, ka wuce gida."

Babur ya mutu a ƙarƙashinsa. Ya buga, ya buga, ko tari bai yi ba. Sai ya kwance jakar kayan aiki, ya kama tocila da haƙori, ya shige ƙarƙashin mota a rigingine.

Ga famfo nan, gab da tanki. Ya ajiye tocilar a gefe. Ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya kafa kunne a ƙota. Kukan ya shige masa har cikin haƙora. An ɗaure famfon ƙarfe a kan ƙarfe, ba roba a tsakani. Ya yanko tsohon tif na taya, ya naɗe, ya ɗaure. Kuka bai ragu ba. Ya kankare tsatsar da ke kan wayar da ta kama jikin mota, ya ƙara matsewa. Kuka na nan.

Hannunsa ya taɓa salansa, wato bututun hayaƙi. Ya janye da sauri, don ya saba tana ƙona mutum. Sai ya mayar a hankali. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa. A bakinta ma har da gidan zanzaro, busasshe, ko tsagewa bai yi ba.

"Ka samu?"

Muryar a gefen kunnensa take, nan ƙarƙashin mota. Ya juya kai. Ba kowa. Can waje ga ƙafafun mutumin, cikin baƙin takalmi mai sheƙi. Inuwarsa ta sunkuyo wajen mota, amma dugadugan ne ke fuskantar Haladu. Yatsun na kallon daji.

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu. Farkon ya zo, tsakiyar ta ɓace masa.

"Saura kaɗan, Alhaji."

Ya cire filta mai tace mai, ya busa. Ƙura ta fito. Ya ƙwanƙwasa tanki da bayan yatsa, ya amsa kamar ganga. Nan ya gane. Famfon ba lalacewa ya yi ba. Ƙishirwa ce. A bushe yake juyawa, kuma ya daɗe a haka.

"Alhaji, babu mai a tankin nan."

"Cike yake. Iska ce ta shiga tiyo. Ka ja da baki."

Kun san yadda kanikawa suke yi. In mai ya ƙi zuwa, a cire tiyo, a sa a baki, a tsotsa, a tofar. Haladu ya yi haka ya fi sau dubu. Hannunsa bai jira shawararsa ba. Ya zare tiyo, ya kai shi har leɓe. Ba warin fetur. Wani ƙamshi ne mai sanyi, kamar na ƙasa in an yi ruwan fari, har ya ji yawu ya taru masa.

Ƙwas. Ƙwas.

Daga sama, daga cikin mota, daidai kujerar baya. Sau biyu.

Haladu ya ƙame. Shekara goma sha ɗaya, amma hannunsa ya tsaya cak kamar na ɗan koyo.

"Ka ja," in ji muryar. "Kurɓi ɗaya ne."

Ya mayar da tiyo a hankali. In bai ja ba, kuka ba zai daina ba. In kuka bai daina ba, ba gida. Ya kalli famfo, ya kalli jar wayar da ke kawo masa wuta. Motar da ke tafiya ba mai, ba inji, me za ta yi da famfo?

Ya lalubo filaya. Ya datse wayar.

Shiru. Irin shirun da har kunne ke zafi.

Ya fito da jan gindi, bai yarda ya kalli ƙafafun ba. "Ya yi shiru, Alhaji. Haka ka ce."

Mutumin ya dube shi. Sannan ya yi murmushi. "Haka na ce. Kai ka fi malaminka sauƙin kai."

Ya buɗe ƙofa, ya miƙa hannu baya, ya jefo wani abu a gaban Haladu. Sukundireba ce mai ƙotar itace, an naɗe ta da jan zare. Haladu ya sha duka da ita a hannun Baba Ilu, ba za ta ɓace masa ba.

"Malamin naka ya gama amfani da ita."

Hasken tocila ya faɗa kan gilashin baya. Mutum uku a zaune, cikin kayan aiki masu baƙin mai, leɓunansu a jiƙe suna sheƙi. Na tsakiya Baba Ilu ne. Bai ƙara tsufa ba ko na kwana ɗaya. Bai yi murnar ganinsa ba. Kansa kawai yake girgizawa, a hankali, kamar yadda yake yi in yaro ya ɓata aiki.

Motar ta tafi, ta shige duhu, bai ga inda ta nufa ba. Ko ƙarar tsakuwa ba a ji ba.

Babur ya tashi bugu ɗaya. Haladu bai nufi Ningi ba, baya ya koma, don ƙauyen ya fi kusa. Ya tarar da Ɗan'azumi yana kife kofuna.

"Ka dawo? To madalla. Yau dai lafiya, ba mu ji ta ba."

"Ba ta wuce ta nan ba?"

"Da ta wuce ai da mun ji."

Haladu ya haska titi. Ga sawun taya nan sabo a kan yashi, na baya sun fi na gaba faɗi. Ya bi ta gaban teburin shayi, taku uku daga inda Ɗan'azumi ke tsaye.

Sai a lokacin ya gane abin da ya aikata. Baba Ilu ya san datse waya tun kafin a haifi Haladu. Shekara goma sha ɗaya yana cikin motar nan da sukundireba a hannu, ya bar famfon yana kuka, don mutane su ji su kauce.

Haladu na nan da ransa, kuna iya zuwa ku gan shi. Bai ƙara sa tiyo a baki ba. A aljihun rigarsa kullum akwai guntuwar jar waya. Ya ce in Allah ya sake haɗa su, zai mayar da abin da ya datse. Amma da la'asar ta yi yake rufe gareji.

Don haka ku ji ni da kyau. Hanyar Burra, bayan magariba, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai. Da can in ka ji kuka, sai ka kauce. Yanzu ba abin da za ka ji.