Jar Ƙasar Kawu Stamatis

Hayaƙin masana'antun takalma ya kwanta a kan unguwar Collingwood, mutane na yawo a ciki kamar masu tafiya cikin barci. Ta nan Sufeto Halloran ya ratso zuwa gidan hayar Girkawa, gidan da gado ba ya hucewa: mai aikin rana na tashi, mai aikin dare na kwanciya.

An fasa akwatin Kawu Stamatis. Tsohon na kwance, ƙurar majema ta cinye masa huhu, likita ma ya riga ya girgiza kai.

"Me aka ɗauke?" in ji Sufeto.

"Garinmu," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Ga shi can, kwale-kwale na shigowa..."

Uwar gidan haya, wadda ta kai ƙarar, ita ta warware zancen. Gwangwani ne cike da jar ƙasar tsibirinsu, ya taho da shi don a barbaɗa masa a kabari. Mu Girkawa haka muke, in ji ta, ba ma son namu ya kwanta babu ko ƙwayar ƙasar gida a kansa.

Sufeto ya leƙa akwatin. Ga zoben zinariya nan ba a taɓa ba. Kai, wannan wane irin ɓarawo ne?

Ya fara da Lefteris, maƙwabcin ɗakin tsohon.

"Jiya da safe kana ina?"

"Ina majema, ranka ya daɗe."

"Mu ga hannunka."

Tas da shi, sai ka ce na ango. Lefteris ya sunkuyar da kai.

"An sallame ni. Don Allah kar matata ta ji. Fita nake in zauna bakin maƙabarta har a tashi aiki."

"Wa ka gani a can?"

Ya yi ƙasa da murya. "Evdokia mai ɗinki."

Sufeto ya tarar da Evdokia a ɗakin baya tana taka keke, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni ko ƙofa ban leƙa ba jiya."

"Baiwar Allah, lakar unguwar nan baƙa ce. Wannan jan da ke ƙarƙashin farcenki fa?"

Keken ya tsaya.

"Ɗana Nikitas nan aka haife shi, nan ya rasu, ko zama bai fara ba," in ji ta a hankali. "Kullum ina mafarkinsa cikin hayaƙin nan yana neman hanyar gida, ba mai jin yarensa. Na ce in ya ji ƙamshin ƙasarmu zai gane hanya. Na juye masa a kabari."

Abin ya sosa wa Sufeto rai, amma fasa akwati fasa akwati ne. "Taso mu je caji ofis."

Da suka zo ƙofar tsohon, sai ta zube.

"Kawu, na cuce ka. Ka yafe mini."

Ya buɗe ido. "Duka kika zuba, ja'ira? Ko cokali ba ki rage ba?"

"Duka, Kawu."

Ya lumshe ido, har aka zaci ya koma wajen kwale-kwalensa.

"To ku haƙa mini kabari kusa da yaron," in ji shi. "Jariri ai ba ya zuwa gida shi kaɗai."

Sufeto ya bar ankwa a aljihu. Ya tasa ta gaba ta nuna masa kabarin jaririn, hularsa a hannu, hayaƙi ya rufe su.