Mai Tabo a Gira

"Kai ne ka saka 'yata a littafi?"

Ya miƙe daga bayan teburinsa. Har furfura ta fara fito masa, amma kunnuwan nan suna nan yadda na san su, tun yana laɓewa a ƙofar gidana da kayan makaranta.

"Mama... sannu da zuwa. Ai labari ne kawai, ban sa sunanta ba."

"Ba ka sa suna ba, amma ka sa tabon girarta ta hagu? Ni ban yi boko ba, amma kunnena ƙalau. Maƙwabciyata ta karanta min abin da masu karatunka ke faɗa a waya. Wai azzaluma. Wai ta yar da kai don ta hango mai mota. Jiya wata ta zo shagon 'yar tawa, ba ɗinki ta kawo ba, gira ta zo kallo."

Ya sunkuyar da kai. "Ita ta ce kar na sake zuwa, Mama. Ba ta faɗi dalili ba."

"Dalilin yana kwance a ɗaki! A shekarar babanta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki. Kai kuma ka samu karatu a nesa. Ta san in ka ji, ba za ka tafi ba. Ina mai motar? Har yau ba ta yi aure ba."

Ya koma kujerarsa ya zauna.

Na tasa shi gaba har shagon. 'Yata tana kan keken ɗinki, zare a bakinta. Tana ganinsa ƙafarta ta tsaya.

"Haskena..." ya ce. "Zan gyara. Zan faɗa wa kowa gaskiya."

Ta cire zaren a hankali. "Ya matarka da yara?"

"Suna lafiya."

"To kar ka taɓa ko layi ɗaya. Su yi ta zagina. A cikin littafin nan kaɗai Baba yake tsaye da ƙafafunsa, yana korar ka daga ƙofar gida, ni kuma ina bayan labule ina dariya."

Haƙƙi na fito nema, sai ga shi na rasa wuyan wanda zan riƙe.

Ya juya ya tafi yana share ido. Ita kuwa ta ci gaba da taka keke, kanta a ƙasa. Na kasa gaya mata babu zare a allurar.