Febi, Gaya Musu!

Ranar Laraba da la'asar Febi na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, mahaifiyarta Dinatu na bakin murhu, sai ga sallamar Ishaya tela. An riga an karanta sanarwar aurensa da Febi sau biyu a majami'ar Madarounfa. A ƙa'idar ikilisiya Lahadi uku a jere ake karantawa, in ba wanda ya tashi da magana sai a ɗaura. Saura Lahadi ɗaya.

"Ga mai littafi nan," in ji Dinatu. "Ke, tashi ki kai masa tabarma zaure, kada ya fara mana karatu a tsaye."

Ba banza take faɗin haka ba. Shekara shida Ishaya ya yi a lekol, makarantar boko, ya zo na ɗaya a Faransanci, aka ba shi kyautar littafi. Littafin nan kaɗai ya mallaka. Labarin wani makiyayi ne da sarkin aljanun ruwa ya sace masa budurwa, ya kai ta birninsa a ƙarƙashin tafki. Shekara bakwai ta yi can, ba ta karɓi ko zobe daga hannun sarkin ba, ba ta ɗaga ido ta dube shi ba, har makiyayin ya zo ya fid da ita. Ishaya ya karanta littafin har bangonsa ya fita, ya ɗinke shi da zaren keke. Duk zuwansa zance sai ya juya wa Febi shafi biyu da Hausa, ya nuna wajen tafkin garinsu da haɓa, ya ce, "Nan ƙasa birnin yake. Yarinyar kuwa ke ce."

Yau bai buɗe littafin ba. Ko zama bai yi ba ya fara magana.

"Febi, sun mai da shi sinima! Bala direba ya ga hoton a bango a Maradi, ya kwatanta mini, shi ne! Jibi Jumma'a za a nuna. Ke ma jibi za ki tahi sayen zanen aure, ki kwana gidan gwaggonki, ko ba haka ba?"

"To, sai mi?"

"Mu shiga tare."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. "Ka san Baba kuwa?"

Ya san shi. Malam Daniyel dattijon ikilisiya ne. Da bakinsa aka sa sinima cikin abubuwan da aka hana, layi ɗaya da giya da taba da caca. A gari ma, Musulmi da Kirista, kowa ya san irin matan da ke shiga wurin nan.

Sau uku ta ƙi. Ya ce shekara goma yana ganin birnin nan a zuci, sau ɗaya rak yake so ya gan shi da ido, kuma ba ya so ya gan shi ba tare da ita ba. Ya ce ta ari mayafin gwaggonta ta rufe fuska, ai duhu ne, wa zai san ta? Ba sinimar ce ta ja ta ba. Ba ta taɓa ganinsa yana roƙo ba sai ran nan.

"In an gama mu hita kafin a kunna fitila," ta ce.

"Kafin a kunna. Na yi alkawari."

Gidan sinimar bango huɗu ne ba rufi, don haka sai bayan magariba ake farawa. Direbobi, 'yan kamasho, sojoji, hayaƙin taba ko'ina. Suka sami ƙarshen wani benci. Febi ta duƙunƙune cikin baƙin mayafi, idanunta kaɗai ke waje. Can gaba Ishaya ya hangi ƙeyar Bala da abokansa na tasha, ya sunkuyar da kai.

Aka fara. Mutanen ciki duk Turawa ne, wannan bai dame shi ba. Da ruwa ya tsage birnin ya bayyana, da hasumiyoyi kore da kifaye na ratsa tagogi, sai ya kama bencin da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Haka yake. Haka yake, Febi."

"Yi shiru," ta ce.

Sai aka nuno yarinyar. Sun sa mata wani ɗan ƙyalle da bai rufe komai ba. Ta yi rawa gaban sarkin, ta karɓi ƙoƙon giya a hannunsa ta sha, ta zauna masa a cinya. Da makiyayin ya iso ya ɓuya bayan ginshiƙi, ita ce ta nuna wa dogarai shi da yatsa. Wuri ya ɓarke da fito da shewa. Wani soja ya ce, "Yawwa! Haka suke duka!"

Ishaya bai san lokacin da ya hau kan benci ba.

"Ƙarya ne! Se fo!" ya maimaita da Faransanci. "Ba haka yake ba!"

Ya zaro littafin daga aljihu yana kaɗawa, inuwar hannunsa ta rufe rabin hoton.

"Kai, zauna!"

"Ku sauke mahaukacin nan!"

"Ba ta taɓa rawa ba! Shekara bakwai ko dubansa ba ta yi ba! Ga littafin, ku zo ku karanta! Sun yi mata ƙazafi!"

Dariya ta tashi. Wani daga baya ya ce, "Kana nan aka yi? Wa ke shaidarka?"

"Ina da shaida!" Ya juyo gefensa. "Ita ma ta sani! Febi, gaya musu! Febi!"

Mai gadi ya riga ya iso da tocila. Ya haska Ishaya, ya sauke hasken kan mai baƙin mayafi. Mutum ɗari uku suka waiwayo. Febi ɗaya ce a Madarounfa duka.

"Kai!" in ji Bala da ƙarfi. "Ɗiyar Malam Daniyel ce!"

Ba ta yi gudu ba. Ta miƙe, ta bi tsakanin bencina ana yi mata fito har ƙofa. Ishaya ya cim mata a bakin titi, littafin na hannunsa har yanzu.

"Febi, don Allah, ban san..."

"Ka kare mutuncin ta takarda," ta ce. "Nawa fa? Wa zai hau benci saboda ni? Kada ka biyo ni."

Labari ya riga su isa gida, a motar Bala ta safe.

Ran Lahadi fasto bai karanta sanarwa ta uku ba. Wata takarda ya karanta. An sa Ishaya da Febi horo wata shida: bencin baya za su zauna, ba su cin jibin Ubangiji, an cire Febi daga cikin mawaƙa. Kafin a tashi Malam Daniyel ya miƙe daga kujerar dattawa, ya ce daga yau ya ajiye muƙamin. Ba wanda ya nemi ya yi haka. Shekara goma sha tara yana kan kujerar nan. Dinatu ta fashe da kuka a cikin mata, aka fita da ita.

Da yamma Ishaya ya je ya tsuguna a zaure. Akwatin kayan da danginsa suka kai yana bakin ƙofa, an ɗaure shi da igiya.

"Baba, laifina ne. Sau uku tana ƙi, ni na matsa mata."

Malam Daniyel ya dube shi.

"Jiya na ɗauki bulala," ya ce. "Na ce ta faɗa mini wanda ya ja ta. Ta ce ƙafarta ta kai ta. Har na gaji ba ta kama sunanka ba. Kai kuwa ka kira nata gaban sojoji."

"Baba..."

"Ni ba babanka ba ne. Ɗauki kayanka."

Daga cikin gida ana jin kukan Febi, ƙasa-ƙasa, irin na wadda ta toshe baki da zane. Kwana biyu bayan haka aka ɗora ta a amalanken jaki aka kai ta Safo wurin kakarta.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Maganar ce ta ƙi mutuwa. In mutum biyu na gardama a tasha, sai ɗaya ya ɗaga hannu sama ya ce, "Febi, gaya musu!" a yi ta dariya. Maganar ta shiga kasuwa, ta shiga bakin rijiya, ta kai har garin Ɗan Issa. Waɗanda ba su san ko wace ce Febi ba ma suna faɗi. Kafin shekara wani direba ya sa an rubuta ta da jan fenti a bayan kamiyonsa na ɗaukar kaya, yana yawo da ita tsakanin Maradi da Katsina.

'Yan ikilisiya suka daina kawo wa Ishaya ɗinki. Ya koma facin rigunan masunta. Ya so ya ɓuya cikin littafinsa kamar da, abin ya gagara. Duk shafin da ya buɗe, matar nan mai ƙyalle ke rawa a kai. Birnin ma da ya gina a zuci shekara goma ya ɓace, sai na sinima. Ya jefa littafin ƙasan akwati, bai ƙara ɗaukowa ba.

Sannan fari ya zo. Damina biyu hatsi na bushewa tun yana gwiwa. Tafkin ya ja baya, ya bar laka mai tsagewa. Wata rana Ishaya ya taka a kai ya yi nisa, har inda da yake nuna wa Febi da haɓa. Ƙasusuwan kifi ya iske da wani ruɓaɓɓen kwalekwale. Ya zauna nan ya yi kukan da bai yi ba tun ranar sinima.

Samari suka yi ta tsallaka iyaka neman abinci. Wansa ya ce ya zo su tafi Kano, can ba wanda ya san shi. Ya ce a'a.

"Mi kake jira? Yarinyar ko saƙo ba ta aiko maka ba."

"Ni na jawo mata. In na tahi, ita kaɗai za a bari da abin."

Wata shida na horo sun cika tuni. Fasto ya ce ya dawo bencin gaba, Ishaya ya ce sai ranar da ita ma ta dawo. Kowace Asabar yakan je zauren Malam Daniyel ya tsuguna ya yi gaisuwa. Tsohon ba ya amsawa. Ishaya ya ɗan jima, ya tashi, wata Asabar ya komo.

Mai kamiyon nan kuwa, Ishaya ya same shi a tasha ya roƙe shi ya goge rubutun. Aka taru ana yi masa dariya, wani ya ture masa hula. Ya koma, ya sake komawa. A karo na huɗu direban ya ce tantin motarsa ya yayyage, in ya ɗinke masa kyauta ya yarda. Kwana tara Ishaya ya yi a kan tantin da basilla, yatsunsa suka fashe. Da ya gama ya karɓi fenti ya shafe rubutun da hannunsa, 'yan tasha na kallo. Wannan karon ba su yi dariya sosai ba.

Shekara biyu da wata huɗu, kakar Febi ta rasu, Febi ta dawo gida. Asabar ɗin da ta biyo baya Ishaya ya yi gaisuwa kamar kullum, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," in ji Malam Daniyel.

Tsohon ya rame, riga ta yi masa yawa.

"Tun da ta tahi ba wanda ya zo biɗarta. Ko ɗaya. Ba don ba ta da kyau ba, ka san dalili. Ni ban gama yafe maka ba, kada ka ɗauka na yafe. Ita ta ce a tsai da kai." Ya ɗaga murya. "Ke! Ga shi."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Febi ta shigo ta tsaya jikin bango. Ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ishaya ya kasa dubanta.

"Na ji labarin motar," ta ce. "Nuna mini hannunka."

Ya miƙa. Ta duba tabon, ba ta taɓa ba.

"Ba zan ce maka na manta ba. In na ji an yi dariya a bayana, ko ba da ni ake ba, wurin ɓuya nake nema. Tun da na dawo ban je rijiya ba, kuma ban jin zan iya. Za ka zauna da macen da ba ta ɗebo ruwa?"

"Ni zan ɗebo."

"Kai? Da tulu a ka, cikin mata?"

"Da tulu a ka."

"Za su yi maka waƙa, Tela."

"Su yi. Da sunana za su yi."

Ta rufe fuska da gefen zane. Kafaɗunta suka yi ta motsi, bai san ko kuka ne ko dariya ba. Da ta buɗe, duka biyun ne.

"To, je ka gaya wa fasto," ta ce.

Aka sake sanarwa daga farko, Lahadi uku. Ba wanda ya tashi da magana. Shekarar yunwa ce, ba a yi kiɗa ba, ba a dafa shinkafa ba. Fura aka dama a ƙwarya biyu, mutum goma sha wani abu suka sha. Malam Daniyel ya zo, ya zauna a tsakiyar jama'a, ya sa albarka a taƙaice. Bai koma kujerar dattawa ba har ya mutu.

Washegari da safe Ishaya ya ɗauki tulu da guga ya nufi rijiya. Mata suka dare suna guɗa, suka yi masa waƙa kamar yadda Febi ta faɗa. Ya ja ruwansa, ya aza a ka, rabi ya zube masa a riga kafin ya kai gida. Shekara huɗu yana wannan, rani da damina, kafin wata safiya Febi ta karɓi tulun daga hannunsa ta fita da kanta.

Ku samari, ku ji. So ba ya hana mutum cutar da wanda yake so. Abin da baki ya ɓata cikin ɗan lokaci, shekaru ake yi ana gyara, kuma ba duka ke gyaruwa ba. Haƙuri ya ba Ishaya matarsa, amma bai mayar wa tsohon nan kujerarsa ba, bai mayar wa Febi muryarta cikin mawaƙa ba. Duk abin da ya ɗauke maka hankali, kafin ka miƙe tsaye dominsa, dubi wadda ke zaune kusa da kai.