Ka Bari Waƙar Ta Ƙare

Yana kan tsani, wayar lasifika a hannu, ya ji murya daga ƙasa.

"Malam, don Allah ka bari wannan ta ƙare kafin ka cire."

Ya leƙo. Budurwa ce a teburin naɗe kyaututtuka na babban kantin, sanye da hijabi ruwan toka, almakashi a hannu. Waƙar Kirsimeti ce ke tashi, mai ƙararrawa da muryoyin yara, wadda sauran ma'aikata suka ce ta ishe su tun farkon wata. Shi kuwa bawan Allah, mai gyaran wuta da aka kira ya sauya lasifikar, sai ya tsaya ƙiƙam a sama har waƙar ta ƙare. Daga ranar ya raɗa mata Ƙararrawa, ita kuma take ce masa Injiniya, alhali shi kansa ya san bai kai ba.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Salla ba ta wuce ta, coci kuma ba ta taɓa shiga ba, amma in watan nan ya kama, ranta fari ƙal. Tana ƙarama mahaifiyarta ta daɗe a asibiti, wata tsohuwa Kirista da ke saman benensu ce ta riƙe ta, tana guga tana rera waƙoƙin nan. Yanzu 'ya'yan tsohuwar sun watse, ita ke hawa duk shekara ta ɗaura mata fitilu a bishiyar Kirsimeti ta roba.

"Ba bikina ba ne," in ji ta. "Daɗinsa kawai nake ji, kamar ƙamshin girkin maƙwabta."

"Ni dai ko ƙarar janareta kike so, zan taya ki saurare."

Soyayya ta yi ƙarfi, shekara ta zagayo, har an sa ranar da manyansa za su zo. Nan ɗan goggonta, wanda ya daɗe yana sonta tana kaucewa, ya ga samu. Ya ɗauke ta bidiyo a ɗakin tsohuwar, tana kan kujera tana ɗaura fitilu tana bin waƙa, ya kai wa mahaifinta.

Baba mutum ne mai magana ɗaya. Ya aika aka kira Injiniya, ya ajiye masa wayar da bidiyon ke ciki a gaba.

"Ka gani? Na yi faɗa har na gaji. Mutane na cewa ban iya tarbiyya ba. In na ba ka ita, za ka raba ta da wannan abin?"

Injiniya ya kalli bidiyon. Ya ga tana shirin kuɓuce masa.

"Zan raba ta, Baba."

Kafin ya isa shagonsa, ɗan goggo ya kai mata labari har da ƙari. Saƙonta ya shigo:

"Injiniya, ashe ni ce za a gyara. Da ka gaya mini tun kana kan tsani. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya rubuta:

"Ƙararrawata, tsoro ne ya kama ni. A baki kawai na faɗa. Wallahi ba zan taɓa hana ki ba."

Amsar ba ta jima ba:

"To ka yaudari Babana ke nan. Wanne ya fi muni?"

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya je kantin, ta ci gaba da naɗe kwali kamar ba ta san shi ba, idonta jawur. Abin ya ci masa rai, domin ya san gaskiyarta ce. Yayansa ya ce ya yi shiru a ɗaura tukuna, ai bayan aure kowa da gidansa.

Ana gobe manyansa za su zo, Injiniya ya yi sallama a falon Baba bayan la'asar. Ɗan goggo na zaune a gefe. Ita kuwa tana bayan labule da faranti a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

Ya durƙusa. "Baba, na zo in janye maganata."

"Ka fasa auren?"

"A'a. Alƙawarin da na yi maka ne ba zan iya cikawa ba. Ba zan hana ta ba. Addininta na gani da idona, ba ni da shakka a kai. Tsohuwar nan kuma, in ta kira, ni zan riƙe mata tsani."

"Wato ƙarya ka yi mini."

"Ƙarya na yi, Baba."

"Ka ji ko, Kawu?" ɗan goggo ya yi caraf. "Ni da ka ba ni ita, sati ɗaya..."

"Kai, tashi ka ba mu wuri."

Ɗan goggo ya fice. Baba ya dubi Injiniya. Ya ce, "Ka san da wannan maganar zan iya hana ka ita?"

"Na sani."

"Kuma ka zo."

"Gara ka hana ni a kan gaskiya, da ka ba ni a kan ƙarya."

Farantin ya suɓuce ya tarwatse a bayan labule. Baba bai ko waiga ba.

"Ke, fito, ai na ga ƙafarki. Kina sonsa?"

Ta fito tana kuka, ta gyaɗa kai.

"Ni har gobe ba na son waƙoƙin nan, kada ku zaci na sauya. Amma wanda ya dawo da ƙafarsa ya gaya mini abin da ba na son ji, ba zai cuci 'yata a ɓoye ba. Su zo goben."

An ɗaura aure cikin sanyin nan, gida ya cika maƙil. Da za a tafi da amarya ta durƙusa gaban Baba, ango a gefenta. Baba ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari." Ya share ido da bakin hannun riga, ya harari angon. "Amma ranar da na zo gidanku, a kashe waƙoƙin nan."

"Za a kashe, Baba," in ji ango. "Wannan kam zan iya cikawa."