Bandar Kifin Barira

"Har maganin ƙwari yana iya jawo irin wannan," in ji likita.

Barira ta ɗago kai da sauri.

Tasi'u, wanda aka yi musu baiko da ita, yana zaune a bakin gado, hannunsa sai rawa yake. Tun da ya bar aikin soja ya dawo Hadejia bai ƙara lafiya ba. Yau jiri, gobe ciwon gaɓoɓi, jibi mantuwa, an auna jini an auna fitsari, ba a ga komai ba.

"Ba zan ce ga dalili ɗaya ba, Hajiya," likitan ya gaya wa Inna Mairam, mahaifiyarsa. "Hayaƙin tayoyi da sharar da suke ƙonawa a sansani, girgizar bam, ƙwayoyin da aka ba su, feshin tantuna... kowanne yana iya zama."

Ita Barira ba tanti take tunawa ba. Gidansu sana'ar kifi ake yi, kuma duk wata tana aika masa da banda har bakin daga. Tafiyar da nisa, tsutsa ba ta da kunya, sai ta riƙa yayyafa maganin ƙwarin nan fiya-fiya a cikin kwalin, yadda ta ga wasu 'yan kasuwa suna yi. Da hannunta, tana yi tana murmushi!

Wayyo Barira! Abinci ya gagare ta, sallah ma sai ta rasa raka'a nawa ta yi. Ga Kamila, 'yar ƙanwar Inna, wadda ta daɗe tana son Tasi'u, tana ta yaɗa wa dangi cewa asiri aka ba shi a abinci. Da Barira ta yi shiru, wallahi babu mai sani, biki kuma saura kaɗan.

Ta kasa.

Da hantsi ta same su a tsakar gidan Inna, Tasi'u yana kishingiɗe a tabarma. Ta durƙusa gaban Inna.

"Inna... kifin da nake aika masa, ina sa masa fiya-fiya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ba na faɗa ba!" Kamila ta tafa hannu. "Ai ga shi da bakinta!"

"Wallahi don kar ya lalace ne, Inna, ban san..."

"Rufe min baki! Harsashi bai kashe min ɗa ba, sai ke? Tashi ki fita. Yau za a je gidanku a fasa maganar aure."

Barira ta miƙe, hawaye shaɓe-shaɓe. Ko musu ba ta yi ba, don a ranta ta yarda ta cancanci fiye da haka.

"Barira, tsaya."

Tasi'u ne, yana dafa bango yana ƙoƙarin tashi.

"Inna, ki yi haƙuri. Ni fa ɗan bakin kogi ne. Tun kwalin farko na ji warin."

Ta juyo a firgice. "Ka sani, Yaya? Ka kuma ci?"

"Na wanke da ruwan zafi na ci. A dajin nan shi kaɗai ne abin da ke zuwa min daga gida."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Tsoro na ji kar ki daina aikowa."

Kuka ya ƙwace mata sosai.

"Don Allah ka ce ba ni ba ce... ko sau ɗaya ka faɗa!"

Ya girgiza kai.

"Ba zan miki ƙarya ba, Barirata. Abokina Haris ya fi ni cin kifin, yana nan garau. Shu'ibu ko taɓa shi bai yi ba, yana kwance a Kaugama kamar ni. Likita bai sani ba, ni ma ban sani ba. Wataƙila ke ce, wataƙila ba ke ba ce, kuma mai yiwuwa har mu mutu ba za mu sani ba."

Jiri ya ɗebe shi. Kafin kowa ya motsa Barira ta tare shi da kafaɗarta.

Inna ta buɗe baki, ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar da ta zo da ƙafarta ta tona kanta, sai ta ja numfashi.

"Zaunar da shi a hankali," ta ce. "Daga hagu yake faɗuwa. Gara ki koya tun yanzu."

An ɗaura aure bayan sallah. Har yau Tasi'u bai warke ba, har yau kuma duk safiyar da ya kasa riƙe kofin shayi, Barira takan riƙe masa, ta kawar da kai kar ya ga idonta.

Shi kuwa yana gani.